Yadda aka gano fumfuna iri biyu a huhuna bayan dashen ƙoda

Duk wanda aka yi wa dashen ƙoda, da sharaɗi ake sallamarsa. Za a danne garkuwar jikinsa muddin ransa don kada jiki ya far wa sabuwar ƙodar, shi kuma ya ɗauki kasadar wasu cututtuka da mai cikakkiyar garkuwa ko labarinsu ba ya ji. A Indiya aka yi mini nawa aikin, ƙanina ne ya ba ni tasa ƙodar, duk da cewa a nan Kano ma ana yin dashe tun shekarar 2002 a Asibitin Malam Aminu Kano. Na dawo gida da magunguna uku da su ne ginshiƙin danne garkuwar: takrolimus, safe da dare ba a saɓa lokaci, sai CellCept, sai firednisolon, wanda sitiroyid ne. Akwai na huɗu, Septrin, na kariya daga ƙwayoyin cuta, ƙwaya ɗaya a rana, wanda aka ce in sha na wata shida in daina. Na sha, wa'adinsa ya cika, aka cire shi.

Bayan an shiga shekara ta biyu sai gwajin jini ya nuna jikina ya fara ture ƙodar. Maganin wannan sananne ne, ana ɗura wa mutum sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya kwana uku a jere, a kuma ƙara yawan sauran magungunan. Ƙoda ta lafa, muka yi hamdala. Daga baya ne wata likita ta gaya mini cewa a wurare da yawa, duk lokacin da aka yi wa mai dashe irin wannan ɗuri, ana mayar masa da Septrin na wasu watanni, domin garkuwarsa ta sake komawa ƙasa kamar ranar da ya fito daga tiyata. A inda aka yi mini ba a mayar ba.

Abin ya zo ne a hankali, cikin hunturu. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, tafiya daga bakin titi zuwa sito ba komai ba ce a wurina, sai na ga ina tsayawa a hanya ina neman abin dafawa. Zuwa masallacin unguwa ya zama aiki. Tari kuma busasshe, ba kaki ba majina, sai ɗan zazzaɓi da yamma wanda ba ya kayar da mutum. Da yake hazo ya sauka kuma rabin unguwa na tari, kowa ya ce mura ce. Matata Maman Ummi ce ta fara tayar da hankali, don ita take jin yadda nake haki idan na yi sujada na ɗago.

Muka je wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa da gida. Aka ɗauki hoton ƙirji, likitan ya ɗaga shi a haske ya ce ba wani abin a zo a gani. Aka ba ni kwalbar kaki don gwajin tarin fuka na GeneXpert, na yi ta ƙaƙari har idona ya kawo ruwa, abin da ya fito bai fi yawu ba. Sakamako ya ce babu. Aka ba ni maganin ƙwayoyin cuta na mako guda, bai yi komai ba. Da na koma, likitan ya ce mutum mai raunin garkuwa, mai tari da zazzaɓin yamma da rama, a ƙasar nan, tarin fuka ne ko gwaji ya nuna ko bai nuna ba. Ya ɗora ni a kan magani.

Ban ga baƙinsa a kan zaton ba. Najeriya na sahun gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, masu dashe kuma sun fi kowa saurin kamuwa, gwajin kaki kuwa yakan kuskure. Abin da na riƙe shi da shi shi ne bai tambayi abin da nake sha ba balle ya kira likitar ƙodata, alhali takarduna na gabansa. A cikin maganin tarin fuka akwai rifamfisin, wanda duk mai shan sa ya san shi da mayar da fitsari ja. Wannan magani yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri fiye da ƙima, takrolimus kuma na kan gaba a cikinsu. Ina shan takro ɗina a kan lokaci, hantata tana watsar da shi. Da ranar ganin likitar ƙoda ta zagayo, takro da ake so ya zauna tsakanin 5 da 8 a jinina ya faɗo ƙasa da 3, kiriyatinin kuma, wato ma'aunin aikin ƙoda, ya fara hawa.

Ta dubi katin tarin fukan, ta dube ni.

"Alhaji, wa ya ɗora ka a kan wannan?"

Na gaya mata. Ba ta ce komai a kansa ba, sai ta ɗauko ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta auna iskar oksijin. Ina zaune ya nuna 94. Ta ce in tashi in je ƙarshen baranda in dawo, na'urar na yatsana, nas na biye da ni. Kafin in kai ga kujera lambar ta sauko 84, bugun zuciyata ya haura 120.

"Yau ba za ka kwana a gida ba," in ji ta. "Hajiya, a je a kawo masa kaya."

A daren aka tsayar da maganin tarin fuka, aka sa mini robar oksijin a hanci. Washegari aka tura ni hoton CT, wanda ke yanka ƙirji falle-falle ya nuna abin da hoton gama-gari ba ya gani. Da ta buɗe a kwamfuta ta juyo mini da fuskar in gani. Huhu mai lafiya baƙi yake fitowa saboda iska ce a ciki. Nawa duka ɓangarorin biyu sun yi fari-fari, kamar yadda hazon hunturu ke rufe gari da safe kana hango gine-gine amma ba tar ba. A saman huhun dama kuma akwai wasu ƙananan dunƙule guda biyu. Ta ce farin ya yi daidai da abin da take zato. Dunƙulen kuwa ta ce ta ajiye su a ranta.

Abin da take zato shi ne cutar da likitoci ke kira PCP, ciwon huhu da wata ƙwaya mai suna nimosistis ke kawowa. Kusan kowa ya taɓa shaƙar ta tun yana ƙaramin yaro, jiki ya kore ta ba tare da an sani ba. Shekaru da dama masana na lissafa ta cikin ƙananan halittu irin masu kawo zazzaɓin cizon sauro, sai a 1988 binciken ƙwayoyin halittarta ya nuna dangin fumfuna ce. Ba ta tsirowa a ɗakin gwaji kamar sauran, kuma magungunan fumfuna da aka saba da su ba sa kashe ta. Maganinta shi ne Septrin ɗin nan da ke kowane kemis, amma da yawa, har kwana 21. Likitar ba ta jira tabbaci ba, ta ce a wanda ba shi da HIV cutar ta fi saurin kayar da mutum, jira na iya kai shi ɗakin masu numfashi da inji. Daga ƙwaya ɗaya da na saba sha a da, sai ga manya-manya sau uku a rana, an lissafa da nauyina da ƙarfin ƙodata. Aka ƙara firednisolon sosai don rage kumburin da huhu ke yi idan ƙwayoyin sun fara mutuwa. Aka ajiye CellCept gefe, don a ɗan sassauta wa garkuwar jiki ta taya yaƙi.

Haruffan nan uku sun jawo mini magana a dangi. Wani ɗan'uwa da ya zo dubiya ya leƙa fayil, ya danna a waya, abin da ya fara fito masa shi ne ƙanjamau. Kafin la'asar labari ya kai gidan surukaina. Dalilin haɗin a tarihi yake: a watan Yunin 1981 aka ba da rahoton samari biyar a birnin Los Anjelis na Amurka da wannan ciwon huhu, kuma daga wannan rahoto duniya ta fara sanin cutar da daga baya aka kira AIDS. An yi mini gwajin HIV kafin dashe, an sake a wannan kwanciya, babu. Amma ko da akwai, ciwon ɗaya ne, maganin ɗaya ne, kuma abin da ya haɗa ni da mai HIV ɗin da ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 suka faɗo ƙasa da 200 ya fi abin da ya raba mu. An kuma keɓe ni daga sauran masu dashe, aka hana ni zama a layin asibitin ƙoda, don an sha samun ɓarkewar PCP a tsakanin masu dashe da ke haɗuwa a wurin jira ɗaya.

Makon farko abin ya yi kyau. Aka riƙa rage oksijin, na fara zuwa banɗaki da ƙafata, abinci ya fara shiga. Maman Ummi har ta fara maganar sallama. Sai zazzaɓi ya dawo, wannan karon mai zafi da rawar ɗari. Wani ciwo ya tsaya mini a ƙirji ta dama, idan na ja numfashi sai ya soke ni. Tarin da yake busasshe ya fara kawo kaki, wata safiya na ga zaren jini a ciki.

A nan ne, a ganina, aka ceci raina, kuma ba da wani magani ba. Abu mafi sauƙi shi ne a ce PCP ne bai gama jin magani ba, a ƙara haƙuri, ko a ce ai dama tarin fuka ne a koma kan rifamfisin. An riga an samu suna guda da ya bayyana ciwon, kowa ya natsu da shi. Likitar ƙoda ta kira likitan huhu. Ya saurari ƙirjina, ya koma kan hoton CT na farko ya daɗe a kan dunƙulen nan biyu, ya sa aka sake wani hoton. Farin ya ragu, amma dunƙulen sun girma, ɗaya ya yi wani zobe mai dishi-dishi a kewayensa.

"Alhaji, PCP ba ya yin dunƙule irin wannan, kuma ba kasafai yake kawo jini ko sukan ƙirji ba. Wanda muke magani yana warkewa. Akwai wani a tare da shi."

"Likita, cuta biyu a lokaci guda?"

"Ƙofar da ɗaya ta shigo ba ta rufe ba ai. Sai mun shiga mun ɗebo mun gani."

Shigar ita ce leƙen huhu da bututu mai kyamara. An hana ni ci da sha tun tsakar dare. Da safe aka kai ni wani ɗaki, aka fesa mini maganin kashe zafi a hanci da maƙogwaro, ɗaci kamar me, cikin minti kaɗan na ji maƙogwarona ya yi nauyi kamar ba nawa ba, haɗiyar yawu ta gagara. Aka yi mini allurar da ke sa gyangyaɗi amma ba ta ɗauke hankali duka. Bututun baƙi ne, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba, da fitila a bakinsa. Ta hancin dama ya shiga. Wurin da ya fi wuya shi ne lokacin da zai wuce maƙoshi, jiki ya ƙi, tari ya turnuƙe ni, nas ta danne kafaɗata tana cewa, "Yi numfashi a hankali, Baba, iska na wucewa, ba za ta toshe ba." Gaskiya ta faɗa, amma jiki bai yarda ba.

Da ya kai reshen da yake nema a saman huhun dama, sai ya ce za su zuba ruwa. Ruwan gishiri ne suke turawa da sirinji cikin wannan ɓangaren su zuƙo shi, su sake turawa su zuƙo. Na ji sanyinsa a can cikin ƙirji inda ban taɓa jin komai ba, na ji kamar na shaƙi ruwa a rafi. Abin da ya dawo cikin kwalba ruwa ne mai gauraye da kumfa, ya ɗan yi ja. Aka raba shi a ƙananan kwalabe, kowace da takardarta. Duka aikin bai wuce rabin awa ba. Aka hana ni ko kurɓar ruwa sai da maƙogwaro ya farfaɗo, da yamma kuma zazzaɓi ya ɗan taso, wanda suka ce an saba gani bayan wankin huhu.

Kwalaben nan kowace da hanyarta. Ta tarin fuka da ta duba a madubin likita da ta shukawa a faranti duk a nan aka yi. Amma gwaje-gwaje biyu da likitan ya fi so, na gano ƙwayar halittar nimosistis da na wani sinadari mai suna galaktomanan da fumfunar asfajilus ke saki idan tana cin nama, sai da aka haɗa da wani ɗakin gwaji na kuɗi wanda shi ma aikawa yake yi Legas. Ƙanina, mai ƙoda ɗaya, shi ya yi ta zirga-zirga da kula mai ƙanƙara. Kuɗin gwajin biyu kaɗai ya isa ya sa talaka ya ce a bar wa Allah, kuma na tabbata da yawa a nan suke tsayawa, a ci gaba da ba su maganin tarin fuka har ƙasa ta rufe ido. Likitan bai jira Legas ba shi ma. Da mai duba madubi ya ce ya ga zaren fumfuna a ruwan, a ranar aka fara magani.

Sakamakon ya taru ɗaya bayan ɗaya. Tarin fuka babu, wannan karon daga ruwan cikin huhu, ba yawu ba. Nimosistis akwai. Galaktomanan ya hau. A faranti kuma wata fumfuna mai launin kore da toka ta tsiro, nau'in asfajilus da ake kira fumigatus. Ita wannan ba baƙuwa ba ce. Tana cikin ƙasa, da juji, da ruɓaɓɓen ganye, da hatsin da ya sha danshi, da ƙurar tsohon gini idan ana rushewa. Kowane mutum na shaƙar ɗaruruwan ƙwayoyin irinta a kullum, garkuwarsa ta share su. 'Yar'uwarta ce ke ɓata gyaɗa da masara a rumbu ta bar dafin da ke sa a dawo mana da kaya daga Turai, abin da duk ɗan Dawanau ya sani. Masu kiwon kaji ma sun san ta, ita ke kashe 'yan tsaki da haki idan shimfiɗarsu ta jiƙe. A jikin da aka danne, ƙwayar takan tsiro a huhu, zarenta ya huda jijiyoyin jini, naman wurin ya mutu. Zoben da aka gani a hoto jini ne da ya tsiyaya kewaye da dunƙulen. Na tambayi likitan ko a sito na ɗauko, ya ce mai yiwuwa ne, amma wanda bai taɓa shiga kasuwa ba ma yana kamuwa.

Akwai abin da ya dage sai mai madubi ya tabbatar masa, wato siffar zaren. Na asfajilus siriri ne, mai gaɓa-gaɓa, yana rassa a karkace. Akwai wani dangi, miyuko, mai faffaɗan zare marar gaɓa, wanda ya addabi Indiya a 2021 lokacin korona, inda aka ba da rahoton mutum sama da 40,000, akasari masu ciwon suga da aka ba sitiroyid. Maganin da ake ba mai asfajilus ba ya taɓa miyuko, kuma akan samu su biyun a huhu ɗaya. Da an ga faffaɗan zare da sai an koma ga amfoterisin, maganin ɗuri da ya yi suna wajen lalata ƙoda. Ga mai ƙoda ɗaya tilo, ta kyauta, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Allah Ya taƙaita, siriri aka gani.

Na ɗauka da an san sunayen cututtukan an gama mai wuya. Ashe wahalar tana wajen zaman magungunan da juna. Maganin asfajilus shi ne borikonazol. Shi da rifamfisin ba sa haɗuwa, don rifamfisin na kore shi daga jini kusan gaba ɗaya, kuma tasirinsa a hanta yakan kai kamar mako biyu bayan an daina sha. Da an bar ni a kan maganin tarin fuka zuwa lokacin, da borikonazol ɗin da za a saya da tsada ruwa kawai zan riƙa sha. Sa'ar da na ci ita ce an tsayar da shi tun ranar kwanciya. Sannan borikonazol na yin kishiyar abin da rifamfisin ya yi: yana hana hanta narkar da takro. Ƙa'idar da aka sani ita ce a rage takro zuwa kashi ɗaya cikin uku ranar da aka fara. Ni kuwa an riga an ninka mini takro don cike giɓin da rifamfisin ya yi, ga tasirin rifamfisin na janyewa, ga borikonazol na shigowa. Ko da aka rage, sai da ya haura 15. Hannuna ya riƙa karkarwa har ba na iya riƙe kofin shayi, kaina na sarawa, kiriyatinin ya sake tashi, don takro idan ya yi yawa shi ma ƙodar yake ci.

Don haka kusan kowace safiya, kafin in sha na safe, sai an ɗebi jini. Dole sai kafin a sha, don ana son a ga mafi ƙanƙantar abin da ya rage a jini. Wata rana wata sabuwar nas ta kawo maganin da wuri na haɗiye kafin mai ɗibar jini ya iso, gwajin ranar ya tashi a banza da kuɗinsa. Daga nan Maman Ummi ta karɓe ragamar, ta sayi littafi ta ja layuka, kwanan wata, takro, kiriyatinin, fotasiyam, suga, yawan abin da aka ba ni. Likitoci idan sun zo zagaye littafinta suke fara nema.

Septrin ma da nasa. A wannan yawan yana tara fotasiyam a jini, takro ma haka, fotasiyam kuwa idan ya yi yawa zuciya yake tsayarwa ba sallama. Sai aka hana ni ayaba da lemon zaƙi da dabino da ruwan kwakwa da dankali da miyar tumatir mai kauri. Duk wanda ya san dubiya a ƙasar Hausa ya san ledar da ake shigowa da ita: ayaba, lemo, dabino. Haka za a ajiye, in yi godiya, masu jinyar gadon kusa su ci. Yana kuma ɗaga kiriyatinin a takarda ko da ƙodar lafiya lau take, saboda yana tare hanyar da ƙoda ke fitar da shi. Kenan idan lamba ta hau, sai likita ta zauna ta tantance: Septrin ne ke ruɗin ido, ko takro ne ya yi yawa, ko kuwa jiki ne ya samu sarari tun da an ajiye CellCept ya koma ture ƙodar? Maganin na biyu a rage takro, maganin na uku a ƙara. Firednisolon ɗin da ya taimaki huhuna a kan PCP shi ne kuma abin da asfajilus ya fi so, sai aka yi ta sauke shi da sauri gwargwadon yadda numfashi ya bari. Kafin a sauke ya riga ya tayar mini da suga har sai da aka koma allurar insulin na ɗan lokaci.

Borikonazol ƙwaya aka ba ni ba ɗuri ba, saboda ruwan da ake narkar da na ɗurin yana taruwa a jikin mai raunin ƙoda. Ana shan sa ciki ba abinci, a bar tazarar awa guda. Kamar rabin awa bayan na sha na farko, sai fitilar ɗakin ta yi wani irin haske, farin bango ya koma ruwan ɗorawa, idan na rufe ido in ga walƙiya tana gilmawa. Da dare na ga kamar labule na tafiya. Na faɗa a gaban mahaifiyata, ita kuwa ta ce, "Wannan ba na asibiti ba ne, ɗan nan, a kira Malam." Likita ya riga ya gargaɗe ni cewa maganin na yin haka kuma yana wucewa, amma mahaifiyata ba ta wurin lokacin. Malam ya zo ya yi addu'a, na ji daɗinta ƙwarai. Inda muka ja layi shi ne jiƙo. Wata gwaggona ta kawo gora da saiwoyi na tari, Maman Ummi ta karɓa hannu biyu ta kai mota. Mutumin da ko garehul an hana shi saboda yana ɗaga takro, ba shi da hurumin shan abin da ba a san me ke ciki ba.

Kwanciyar nan ta sa na riƙa kallon wasu abubuwa dabam. Masu HIV, duk da ƙyamar da suke sha, an gina musu tsari: ana auna CD4, ana ba su Septrin na kariya, wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai a yi masa gwajin kiriftokokus, fumfunar da ake samu a kashin tattabaru wadda ke farawa daga huhu ta haura ƙwaƙwalwa. Mai dashe da mai shan maganin daji da mai ciwon gaɓoɓi da ke kan sitiroyid kowa ta kansa yake yi. Sannan ga waɗanda ke danne garkuwarsu da hannunsu ba su sani ba, masu sayen sha-ka-fashe a kemis don su yi ƙiba, wanda sau da yawa sitiroyid ne, a sha wata da watanni ba likita. A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin farko na fumfuna 19 masu barazana ga ɗan Adam, ta sa fumigatus da kiriftokokus cikin huɗun da suka fi haɗari. Jerin ya fito, amma gwajin da zai nuna su har yanzu sai an sa a kula an aika wani gari.

Da kwana 21 na Septrin suka cika aka mayar da shi ƙaramin awo na kariya, wanda likitar ta ce wannan karon ba ranar dainawa. Zazzaɓi ya tafi, jinin ya tsaya, aka cire oksijin, aka sa ni zagaya baranda da na'urar a yatsa lambar ba ta sauka ƙasa da 93 ba, sannan aka sallame ni. Borikonazol kuwa aka ce mafi ƙaranci mako shida zuwa goma sha biyu, a irina ya fi haka, hoto ne zai yanke. Shi ya fi komai cin kuɗi, kuma ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba, sai mun yi oda tun kafin na hannu ya ƙare. Ana duba hanta a kai a kai. Yana sa fata ta ƙi rana, leɓena ya tsattsage, goshina ya yi duhu, na koma hula mai baki da riga mai dogon hannu a zafin Kano.

Dainawar ma aiki ce. Ranar da hoto ya nuna dunƙule ɗaya ya ɓace, ɗayan ya zama ɗan ƙaramin rami mai tabo, likitan huhu bai ce in daina a ranar ba. Sai da ya kira likitar ƙoda suka sa rana tare, don da zarar borikonazol ya fita hanta za ta koma narkar da takro kamar da, ɗan abin da nake sha ba zai tsare ƙodar ba. Aka daina wannan, aka ɗaga wancan, aka koma ɗibar jinin safe har lamba ta zauna.

Sito yanzu ƙanina ke shiga, ni ina ofis da littafi da waya, idan ana sauke kaya ko hazo ya yi yawa in sa takunkumi mai tace ƙura. Tattabarun da yarana ke kiwo a soro an mayar da su gidan kawunsu, gyaran ɗakin da muka yi niyya an ɗage. Kiriyatinin ɗina ya zauna ɗan sama da inda yake kafin ciwon, likitar ta ce da wuya ya koma. An dawo da CellCept a rabin awo. Ita tana so a mayar da shi cikakke don ƙodar ta taɓa fuskantar turewa sau ɗaya, likitan huhu kuma yana so a jira saboda ramin da ya rage fumfuna na iya sake zama a ciki. Sun tsaya a kan a sake hoton CT bayan wata uku, a auna jini, sannan su yanke.